Mai Riƙon Igiya

Ruwan ya fara da danshi a ƙarƙashin ƙafar Ubale, sannan ya tsattsafo ta tsakanin yatsunsa, sanyi ƙalau. Ya ajiye diga ya tsaya yana kallo. Ya tsufa a haƙar rijiya, amma har yau idan idon ruwa ya buɗe sai tsigar jikinsa ta tashi. Ya ɗaga kai. Can sama, bakin ramin bai fi faifai ba, kawunan mutanen ƙauyen Ɗanzomo sun kewaye shi.

"Ruwa!" ya ƙwala.

Kabbarar da ta sauko masa sai da ta cika ramin. A shekarar da fari ya ƙone gero ya kashe shanu, ga ruwa daga cikin yashi, ikon Allah! Da aka jawo shi, tsofaffi suka riƙa taɓa jiƙaƙƙen wandonsa suna shafawa a fuska.

Wannan ce rijiyarsa ta ƙarshe. Tun ranar da rami ya rufta da abokin aikinsa Haladu, ya gaya wa Alhaji Ɗantala, ɗan kwangilar da suke yi wa aiki, cewa yana gama wannan ya bari. Simintin da ya kamata a ɗaure bangon rijiya da shi, kowa ya san a kasuwa yake ƙarewa. Matar Haladu kuwa, ƙwaryar gero aka aika mata da "Allah ya ji ƙansa", ba a sake waiwayarta ba.

*

Alhaji ya same shi a gindin tsamiya yana wanke laka.

"Haba Ubale, ashe da gaske kake? In ka tafi wa zai gano mini inda ruwa yake?"

"Alhaji, na gaji da shiga kabari da raina."

"To, kada ka ƙara shiga. Zauna a sama, kai ne babba. Ka nuna wuri, ka riƙe igiya. Buhun gero duk wata, har ƙofar gida."

"Siminti fa, ranka ya daɗe?"

Alhaji ya yi murmushi, ya saɓa hannun riga. "Wanda kwanansa ya ƙare, ko a kan gado yake sai ya tafi."

*

A gida ya tarar da matarsa Safara'u tana dama dusa, 'ya'yansu sun zuba wa tukunyar ido. Ta saurare shi har ya gama.

"Malam, ni ban ce ka karɓa ba," in ji ta. "Amma ka leƙa rumbu."

Bai leƙa ba, ya san abin da ke ciki. Tsoro ya kama shi, irin wanda bai taɓa ji a ƙarƙashin ƙasa ba, don ya gane cewa zai karɓa.

*

Sabon ramin a wajen garin Sule Tankarkar yake. Mai shiga wani magidanci ne, Cindo, wanda yunwa ta koro daga Damagaram da mata da goyo. Bai taɓa riƙe diga ba. Ya leƙa zurfin, ya yi salati.

Ubale ya ɗaura masa igiya a ƙugu, ya ja ƙullin da kyau.

"Maigida," in ji Cindo, "yashin nan yana riƙewa kuwa?"

Ubale ya dubi bangon. Daga wata 'yar tsaga, yashi na zuba siriri, ba ƙara.

"Yana riƙewa. Yi bisimilla."

Igiyar ta fara zarewa ta tafin hannunsa.