Miyar Ranar Jarrabawa

Umma ta ture kwanon kimchi, kabejin nan mai yaji, gefe, ta shimfiɗa takardar sakamakon a kan tebur, ta danna farcenta a layin farko kamar mai kashe kwarkwata.

"Mataki na huɗu," ta ce. "A harshen Koriya! Harshen da kika buɗi baki da shi."

'Yarta Dasom ta dubi takardar. Lissafi ta ci mataki na ɗaya, wanda ya fi kowanne, Turanci ma haka, amma ba wanda ya ko kalle su. Tun safe ake juya huɗun nan har lambar ta ishe ta. Da wannan sakamakon za ta samu gurbin karatun jinya a nan Daegu, kuma ita hakan ya yi mata. Su Umma kuwa manyan jami'o'in Seoul suke hange. Gwaggo Malsun, yayar babanta, har ta zo da fom na wata makarantar kwana ta masu maimaita jarrabawa, can cikin duwatsu, inda ake karɓe waya tun daga ƙofa. Shekara guda cur.

"Ni fa ban ga laifin yarinya ba," in ji Gwaggo, tana tauna baki buɗe. "Wa ke ba ɗalibi miyar ganyen teku ranar jarrabawa? Abu mai santsi! Ai dole ta zame."

Da ƙarfi ta faɗa don a ji a kicin, inda Kaka ke zaune tana ɓare tafarnuwa. Mako uku ke nan tsohuwar tana shan wannan gori. Laifinta ɗaya, jarrabawar ta faɗo ranar haihuwar Dasom, ita kuma ba ta taɓa barin ranar ta wuce ba ta dafa wa jikarta miyar ba. Tsufa ya mantar da ita camfin, bai mantar da ita ranar ba.

"Inna ba da gangan ta yi ba," Umma ta ce, tana yatsine fuska. "Baɗi ni da kaina zan shiga kicin. Abu mai danƙo kawai yarinyar za ta ci, ta manne. Ungo, sa hannu."

Dasom ta dube su, takaici ya cika ta. Umma mai digiri a haɗa magunguna, Gwaggo tsohuwar malamar makaranta, wai su ne za su cinye mata shekara guda a kan kwanon miya! Duk gwajin da aka yi bana uku da huɗu take samu a darasin nan, kuma Umma ce ke sa hannu a takardun.

"Ban sha ba," ta ce.

"Me?"

"Miyar. Kaka na juya baya na juye ta a masai na ja ruwa. Ni ma tsoron santsin nake. Huɗun nan nawa ne, Umma, halak malak. Ko sau goma na sake, shi zan kwaso. Ba inda za ni."

Gwaggo ta daina tauna. Umma ta ninke fom ɗin gida biyu ta ajiye. Dasom ta sauke ajiyar zuciya. Sai a lokacin ta ga Kaka tsaye a bakin ƙofar kicin, ɓawon tafarnuwa manne a yatsunta.

"Har naman?" tsohuwar ta tambaya a hankali.

Kunya ta rufe Dasom, ta kasa ɗaga ido.

"Ba komai," in ji Kaka. "Abin da ya dame ni, ashe da yunwa 'yar nan ta fita. Ga shi harshen Koriya ake fara rubutawa, da sanyin safiya."

Umma ta ɗago kai. Ta dubi Gwaggo, Gwaggo ta dube ta, fuskokinsu suka washe.

"Da yunwa!" Gwaggo ta tafa hannu. "Yo ina kai zai ja, ciki ba komai?"

Umma ta warware fom ɗin, ta goge karin ninkin da tafin hannu, ta turo wa Dasom tare da biro.