Baƙon La'asar

Dattijon da ake kira Don Eulogio ya ɗora hannuwansa a kan teburin ɗakin ganawa na gidan yari, yana kallon lauyar da gwamnati ta ba shi tana buɗe takardu. Wata uku ke nan da aka tsinci ƙunshin hodar ibilis a ƙarƙashin bencin da yake gyaran takalma.

"Don Eulogio, ka san hujjar da suka kai wa alƙali har ya yarda a bincike gidanka?" Ta karanto masa: "An ga wani baƙo yana shiga gidan kowace la'asar, ba ya kawo takalmi, ba ya fita da takalmi."

"Ai Wilkin ne, 'yata. Ba mai zuwa sai shi."

"Wilkin ɗan sandan farin kaya ne. Shi ya rubuta wannan."

Tun da Casilda, matar Eulogio, ta rasu, 'yarsu kuma ta tafi ci-rani ƙasar waje, ba wanda ya zauna a tsakar gidan sai Wilkin. Yakan shigo yana kaɗa akwatin domino, wasan 'yan katakai masu ɗigo-ɗigo: "Tsoho, ɗora gahawa, yau sai ka yi kuka!"

"Kai ɗin? Ko ƙirga ɗigo ba ka iya ba," in ji Eulogio.

Ranar da Wilkin ya miƙo masa ƙunshin ya ce, "Ajiye mini wannan zuwa gobe," Eulogio bai tambaya ba. A domino ba a leƙa hannun abokin wasa.

Abu ɗaya ya tsaya masa a rai, kuma ba ya cikin takardun: dariyar nan da Wilkin yake yi in an cinye shi, ita ma aiki ce?

* * *

Alƙali ya kori ƙarar. Ya ce ɗan sanda ba zai ƙirƙiri abin zargi da ƙafarsa, sannan ya kawo shi a matsayin hujja ba.

Unguwa ta yanke nata hukuncin. Wa ya taɓa fita daga shari'ar hoda cikin wata uku ba tare da ya ambaci sunan kowa ba? Doña Fefa mai kanti ta miƙo masa sukari idonta na kan rediyo. Takalma suka daina zuwa.

Da la'asar ya dafa gahawa. Sai da ya zauna ya ga kofi biyu ya jera. Bai mayar da ɗayan ba. Ya zube domino a kan tebur yana juya su a hankali, kunnensa na bakin ƙofa.