Kore Shar

Wani mafarki na yi jiya da dare, har yanzu bakina ɗaci yake.

Na gan ni a bakin dam ɗin garinmu da jarka a hannu. Inna na gida kwance, kwana uku tana amai tun da ta sha ruwan nan, ta ce in samo mata mai kyau ko kofi ɗaya ne. Rana biyu ce a sama, ɗaya gabas ɗaya yamma, kowacce ta ƙi matsa wa 'yar'uwarta. Ban yi mamaki ba. Inuwata ma ta gaji, ta bar ni ta shige ƙarƙashin dutse.

Gansakuka ta rufe ruwan kaf, kamar an kwara fenti. Kifaye sun jeru a gaɓa, cikinsu fari fat yana kallon sama. Wani mutum ya wuce a keke ya ce, "Kai, kifayen nan farin ciki gare su."

Na sa gindin jarka zan ture gansakukar gefe, sai ta buɗe ido.

"Ke 'yar Tabawa, ba a gaida mutane a gidanku?"

Na durƙusa. "Ina wuni, Hajiya."

"Lafiya lau. Matsa, kin tare mini haske."

Na matsa. Hasken na sauka a kanta ta zama biyu. Na ƙifta ido suka zama huɗu, duk suna kallona.

"Hajiya, don Allah yaushe za ki tafi? Inna ce ba lafiya."

"Ni na kawo kaina? Da sanyi ina can ƙasa cikin laka ina barcina, ko tari ban yi ba. Sai na ji ruwa ya ɗumama. Na leƙo, na tarar kun sare itatuwan bakin nan, takin gonakinku kuma yana gangaro mini har baki. Ke in aka ba ki rana kyauta da tuwo kyauta, tafiya za ki yi?"

"Mun tafasa ruwan fa."

Duk suka kwashe da dariya, har dam ɗin na kaɗawa.

"Ku yi ta tafasawa. Mu mu mutu, dafin ya zauna. In da gaske kike, je ki Ofishin Rana ki ce su rage haske su rage zafi. Sati guda na inuwa, in nutse abina."

Sai ga ni a ofishin. Awaki ne ma'aikata. Na tsaya can ƙarshen layi kamar yadda na saba, ashe a wurinsu na ƙarshe ake fara kira. A bango akwai abin murɗawa guda biyu irin na rediyo, ɗaya an rubuta Haske, ɗaya Zafi. Duka an murɗe su har ƙarshe, wata akuya ta rataya mayafinta a jikin na Zafi.

Babban sakataren wani bunsuru ne mai tabarau. Bai ɗago ba.

"'Yammata, muna jin ki."

Na san abin da zan ce. Tun a aji biyar malamarmu ta zana mana shi a allo, ni kaɗai na kwafa har ƙarshe. Zan ce a murɗa abin nan baya kaɗan, shi ke nan. Na buɗe baki, muryata ta fito ƙarama kamar ƙwayar gero.

"Yallaɓai, ruwan dam ɗinmu ne... kore shar."

"Ruwan dam," in ji shi yana rubutawa, "kore shi."

Ya buga kofato a takardar.

Na ce, "Shar na ce, Yallaɓai." Amma kalmar ta faɗo daga bakina, ta gangara ƙarƙashin tebur, wata akuya ta cinye.

"Mun gode da ƙorafi," in ji sakataren. "Da ma mun daɗe muna zarginsa. Ai shi ya ba gansakuka masauki." Ya ninke takardar ya tauna, wai a cikinsa ake ajiya. "Na gaba."

Sai ga mu a bakin dam, ni da awaki tamanin, kowanne da sanda. Suka ce wa ruwa ya tashi. Ya tashi a hankali, yana dafa gwiwa kamar tsoho. Bai yi musu ba. Ya dai dube ni ya ce, "Shekara arba'in ina wanke ku." Daga nan ya fara zuba daga ƙasa zuwa sama, yayyafi da farko, sannan kamar da bakin ƙwarya. Mata suka fito a guje suna kife bokitai a iska, ba wadda ta samu.

Gansakuka ta kwanta a kan laka ta miƙe ƙafa.

"Kar ki damu da ni, 'yata. Zan bushe in jira. Mu mun iya jira."

Mutanen gari suka zagaye ni.

"Wa ya kai ƙara?"

"'Yar Tabawa. Wadda ba ta magana."

"Ashe tana yi."

Ɗigo ɗaya na cafke yana wucewa ta gaban fuskata. Na damƙe shi a tafi na ruga gida, yana ta jan hannuna sama. Na durƙusa gaban Inna, na kai hannun daidai bakinta, na buɗe. Ya bi ta tsakanin yatsuna ya huda rufin ɗaki ya wuce.

Inna ta lashi leɓenta. Ba ta yi fushi ba. Da ma ta yi.

"Ba komai, Zuwaira. Kin dai yi musu bayani ko?"

Na ce, "Na yi, Inna."

Nan na farka. Gari ya waye, zufa ta jiƙa mini wuya. A tsakar gida ina jin ƙarar moda, ƙarrr, ƙarrr, wani na kankarar gindin randa.