Unguwa a Fuskar Kwamfuta

Kwamfutar shagon mijina irin mai ƙatuwar ƙeyar nan ce, fara ce amma ta dafe ta koma ruwan ƙasa. Mai Hoto, kamar yadda unguwa ke kiransa, ya saye ta a shekarar da ya daina wanke fim. A shekarar ne ni ma na shiga makarantar manya, furfura ta riga ta fara leƙo mini, shi ya sa har gobe 'Yar Makaranta yake ce mini.

In an tashe mu nakan biya shagon, in zauna a bencin da ke bayansa ina aikin gida. Ina ji zai yaye wa kwamfutar mayafi, ya danna, ya tafi dafa shayi, don kafin ta farka ruwa ya tafasa. Ta yi gurnani, ta yi tari, sannan ta saki ɗan kiɗanta. Linzaminta mai ƙwallo ne a ciki. In ya fara gardama sai ya buɗe ya kankare dauɗar da farce. In babu ciniki ya buga karta a cikinta, in ya ci katunan su yi ta tsalle, ya kira ni in gani kamar ban taɓa gani ba.

Yana da wani hali: bai taɓa sa wa foldar hotunan mutane suna ba. Lambar da na'ura ta ba ta yake bari, ya ja ta ya ajiye a fuskar kwamfuta daidai inda gidan mutanen yake a unguwa. 'Yan bakin kasuwa sama ta dama, layin asibiti ƙasa, masu shaguna a hagu. Hannunsa ya san hanya. Ko da idonsa ya fara yana, ba wanda ya lura sai ni, ni kuma ban ce komai ba.

Da kwamfutar ta fara mutuwa da kanta ana tsakar aiki, Autarmu, wadda ke aiki a wani ofis, ta kawo sabuwa, siririya kamar faranti. Ta kwashe komai ta zuba a ciki.

"Baba, ka huta da wannan tsohuwar. Ai ta girme ni."

"Ta girme ki, ta kuma fi ki jin magana."

Ba a yi sati ba tsohuwar ta mutu, mai gyara ya ce a haƙura. Mijina ya buɗe sabuwar. Foldojin duk suna nan, amma sun jeru layi-layi kamar 'yan fareti, lamba na bin lamba.

"Auta, ina kika kai mini kasuwa?"

"Wace kasuwa kuma? Komai na nan. Ka rubuta suna a nan sama, ita za ta nemo maka."

"Wane sunan?"

Sai a lokacin ta duba da kyau. Ta dafe kai. "Baba! Duk tsawon shekarun nan?"

Ana haka wata mata ta zo, 'yar marigayi telan da ke da shago kusa da namu. Wayarta ta ɓata da hotuna duka, yaranta kuwa ba su san fuskar kakansu ba, shi ne ta zo neman hotonsa. Da, kafin ta gama zama ya buɗe mata. Ranar ya yi ta yawo da yatsa, yana matso da fuska har hancinsa na neman taɓa gilashin.

"Ki dawo gobe, 'yata."

Da ta fita ya rufe kwamfutar, ya ciro makullin shago ya ajiye a tebur.

"In ta dawo ban samo shi ba, na gama. Ki mayar wa wanda ya ba mu haya makullinsa. Mai hoton da bai san inda ya ajiye mutane ba, zaman me yake?"

Na san ba faɗa kawai yake ba. Na kuma san in ya koma gida ya zauna, ba zai daɗe ba. Na tashi daga bencina, na ce ya matsa. Ban taɓa zama a kujerar nan ba.

Na buɗe folda ta farko. "Wata mata ce da tagwaye, ɗaya na kuka."

"Matar direba. Mai kukan ai yanzu likita ne. Ja ta ƙasa, layin asibiti."

Na ja ta. Na buɗe ta gaba.

"Wani dogo, ya dafa babur."

"Babur ɗin aro ne! Neman aure yake lokacin. Bakin kasuwa."

Haka muka yi ta yi, ina faɗa yana ganewa. Wani ya sa shi dariya har da tari, wani kuma ya sa shi cewa Allah ya jiƙansa. Shayi ya huce ba wanda ya waiwaye shi. Fuskar sabuwar ta fi faɗi, gidajen ba sa faɗawa daidai inda ya saba, yana ta mita wai na mayar masa da makaranta bayan kasuwa.

Rana ta karkata na buɗe wata. "Wani gajere, da tef ɗin awo a wuya. Ya rufe baki kam."

Ya miƙe zaune. "Haƙorinsa na gaba ne ya fita, ya hana ni ɗauka sai ya rufe. Ci gaba, akwai wanda na shammace shi."

Na danna na gaba. Ga tela yana dariya, giɓin a waje.

"Wannan za a ba ta," ya ce. Ya laluba tebur ya ɗauki makullin, ya daɗe yana juya shi, sannan ya miƙo mini.

"Riƙe. Ke za ki riƙa buɗewa, 'Yar Makaranta. Ko rabi ba mu yi ba."