Ruwan da Ke Yin Ja a Randa

"Jini ne, Malama, wallahi jini ne," in ji Aina'u, tana karkata randa don Malama Jemima ta leƙa. Ruwan da ta ɗebo garau da safe ya yi jawur.

Zancen ya gama ƙauyen. Wai tunda aka haƙa burtsatse a gindin kukar da kakanni ke yi wa yanka, kukar ce ke ramuwa, kuma da Malam Levi ta fara, shi da ya nuna wurin. Ga shi can kwance, ƙafafu sun kumbura. Mai unguwa Ɗanasabe har ya tanadi sarƙa da kwaɗo. In ya kulle famfon, mata sai komawa kududdufin da shanu ke sha.

Malama Jemima kuwa ta koyar da yara har ta yi ritaya, ba ta taɓa karɓar "an ce" a matsayin amsa ba. Ta zagaya dangar kara ta shiga gidan Malam Levi, maƙwabcinta. Ta tarar da shi jingine da bango, kwamfuta a cinya. A aikin gwajin ruwa ya tsufa a Kano kafin ya dawo gida.

"Sannu, Levi. Wai kuka ce ke cin ka."

"Sai ta yi haƙuri, ciwon zuciya ya riga ta," ya ce yana haki. "Zauna ki ga abu."

Ya nuna mata jerin lambobi: tsamin ruwan, ɗuminsa, ƙarfen da ke ciki, duk abin da ya auna a bakin famfo.

"Ruwanmu ke nan a can ƙasa, inda babu iska. Ƙarfen dutse ya narke a ciki, ido ba ya gani. To, bari in ba shi iska."

Ya danna kwamfutar. Lambobin suka motsa gaba ɗaya, wannan ya hau, wancan ya sauka, sannan suka tsaya cak.

"Kin gani? Ta lissafa wa zai zauna a narke, wa zai kwanta. Ƙarfen ya kwanta. Ruwa ba ya hutawa sai komai a cikinsa ya daidaita."

Randar da take gani shiru a lungun ɗaki, ashe kasuwa ce ke ci a ciki, ana ba ni in ba ka, har a shirya. Amma hali zanen dutse.

"Kwamfuta ai abin da ka gaya mata take faɗa. Ni da me zan gwada?"

Ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. "Ke dai ba ki canja ba. Cika kwalba a bakin famfo har ta tumbatsa, ki toshe tam, kada iska ta samu wuri."

"Shan sa fa?"

"A bar shi ya kwanta, a tace. Na auna sauran, lafiya lau. Farin zane kawai zai ɓata."

Ta cika kwalbar a ranar. Bai jira ya gan ta ba. Ya cika da hantsin Asabar. Maƙwabta Musulmi da 'yan coci suka haɗu suka haƙa kabarin.

Kashegari Ɗanasabe ya nufi famfo, mata na biye da shi jugum. Malama Jemima ta tare shi da kwalbar.

"Wannan tun Levi na da rai na ɗebe shi. Duba, Mai unguwa."

Garau yake, har ana hango kukar ta cikinsa. Ta buɗe, ta juye a ƙwarya, ta kaɗa, ta ajiye a tsakiyarsu. Ba wanda ya tashi. Inuwa ta karkata, ruwan ya fara dishi-dishi, ya koma ruwan ɗorawa. Wajen la'asar ja ya kwanta a gindin ƙwaryar.

Ta dangwala da yatsa ta kai hancin Aina'u.

"Warin tsohuwar fartanya," in ji Aina'u a hankali.

Ɗanasabe ma ya shinshina, ya daɗe yana murza yatsu. Sannan ya matsa gefe, Aina'u ta tura bokitinta ƙarƙashin famfo.

Tsatsa ce.