Murɗaɗɗiyar Liyu ta Pang Guilan

Shekara goma sha huɗu Pang Guilan ta yi tana rainon bishiyar da ke ƙofar gidanta a ƙauyen Mengjia. Irin bishiyar da ake kira liyu ce, amma ba irin ta bakin kogi mai zubo da rassa ƙasa ba. Murɗaɗɗiyar nan ce wadda kowane reshenta yake nannaɗewa kamar an tufka igiya, har ganyen ma a lanƙwashe yake fitowa. Ɗan reshe ta karyo a gidan wata ƙawarta shekarar da mijinta ya rasu, ta soka shi a jiƙaƙƙiyar ƙasa nesa da katanga, don ta san saiwar liyu ba ta da kunya, inda duk ta ji ruwa can za ta nufa ko da ta ƙarƙashin ɗaki ne.

Bishiyar akwai shan ruwa. Da bazara bokiti huɗu take zuba mata kafin ta ɗora kunun gero. Ƙarshen hunturu, tun idon toho bai fashe a jikin rassan ba, sai ta ɗauko almakashi ta rage waɗanda suka cushe da waɗanda iska ta tsaga. In ta ga garin itace a gindi ta san tsutsa ta shiga, sai ta bi ramin da siririyar waya ta zaƙulo ta, ta liƙe da taɓo. Da kaka ta shafa wa gindin farar ƙasa. A haka abin ya wuce rufin gida, ya zama nan tsofaffin unguwa suke ajiye kujerunsu da rana.

A wata na shida aka kwantar da ita asibitin gunduma, aka yi mata aiki a gwiwa. Mako uku ta yi. Ɗanta Dehai, wanda ke sayar da kayan gini a Baoding, shi ya ɗauko ta a motarsa. Tun daga kwanar layi ta ga rufin gidanta fili, rana na dukansa. A ƙofar gida rami ne ya yi zurfin ƙugu, ga guntayen saiwa farare an datse su da zarto.

Ta daɗe tsaye, ta dogara da sanda.

“Ina take?”

“Mama, shiga ciki tukuna, rana ta yi zafi.”

“Dehai, tambayarka nake yi.”

Ya shafa ƙeya. Ya ce wasu masu gina sababbin gidaje a birni ne suke bin ƙauyuka suna sayen manyan itatuwa, sun gan ta, ta burge su. “Kuma ke da wannan ƙafar wa zai bar ki ki ɗauki bokiti? Can akwai masu kula da ita, aikinsu ke nan. Har famfo aka ja mata.”

“A tsakiyar zafi aka tumɓuke ta.”

“Sun san aikinsu, Mama. Da mota mai ƙugiya suka zo.”

“Ka tambaye ni?”

“Da na tambaye ki za ki yarda?”

Ta juya ta shige gida. Ya shigar mata da kaya, ya dafa mata taliya, ta bar ta ta sandare a kwano.

Bayan wata ɗaya, da ƙafar ta fara ɗaukarta, ta sa maƙwabciya ta karɓo mata sunan unguwar da aka kai bishiyar daga direban da ya yi jigilarta. Ta ƙulla dafaffen burodi biyu a leda, ta hau motar safe ba tare da ta gaya wa Dehai ba.

Dogayen benaye ne, yawancinsu ko labule ba a sa ba. Mai gadi ya hana ta shiga, ya ce sai mai kati. Ba ta ma buƙaci shigar ba, don a bakin ƙofa aka jera itatuwan, ta uku daga dama ita ce tata. Da ƙyar ta gane ta. An sare mata kai, an bar manyan rassa huɗu kamar dungu. An naɗe gindin da igiyar ciyawa, an tokare ta da sanduna, an rataya mata wata jakar roba da siririn tiyo soke a jikinta, irin wanda aka sa wa Guilan a hannu a asibiti. ’Yan ganyen da suka rage sun yi ruwan ƙasa.

Ta durƙusa da ƙyar, ta tona gindin da yatsu. Ƙasar sama ce kawai baƙa. Ƙarƙashi fasassun bulo ne da busasshen siminti.

“Goggo, me kika yar?”

Wani mutum ne mai hular kaba da rigar aiki, yana jan tiyon ruwa. Zai yi shekara hamsin, daga harshensa ta ji shi ma ɗan ƙauye ne.

“Ƙanena, kai ne mai ba su ruwa?”

“Ni ne. Ni kaɗai, itace ɗari biyu da wani abu.”

“Wannan ba za ta rayu a kan bulo ba. A kwashe shi, a zuba mata ƙasar gona, a yi mata kwari a gindi yadda ruwa zai kwanta. Safe da yamma. In aka yi haka ko yanzu tana iya tofowa ta ƙasa.”

Ya dube ta, ya dubi bishiyar. “Taki ce?”

“Tawa ce.”

Ya ajiye tiyon, ya kankare ɓawon da farce. Babu kore a ciki. Ya ƙara kankarewa can ƙasa, nan ma haka.

“Goggo, ba zan yi miki ƙarya ba. Su waɗannan ba don su rayu ake kawo su ba. A dai ɗauki hoto, masu sayen gida su ga kore. Wadda ta mutu a cire a kawo wata. Taki tana cikin na mako mai zuwa, ga jan fenti nan an shafa mata.”

Sai a lokacin ta lura da fentin.

“In an cire ina ake kai su?”

“Bayan gari. Liyu ko a murhu ba ta da auki, fuu take ci.” Ya dubi fuskarta. Can ya jawo tiyon ya saki ruwa a gindin, ya bar shi yana zuba fiye da yadda ya saba. Ta san don ita ya yi, kuma ta san aikin banza ne. Ta miƙa masa burodi ɗaya, suka ci a tsaye, mai gadi yana hararar su.

Ta koma gida a motar la’asar. Ruwan damina ya cika ramin, sauro ya yi yawa, maƙwabta suka fara ƙorafi. Tsofaffin unguwa suka mayar da kujerunsu ƙofar gidan mai kanti.

Da kaka ta shigo sai ga magina da buhunan siminti, Dehai ya turo su. Suka cike ramin, suka dabe ƙofar gidan tas, faɗin mota ɗaya da ɗan rara. Guilan tana kallo ta taga. Da ta ga ma’aunin da suka ja, ba ta nemi wani bayani ba.

Dehai bai zo ba sai bikin sabuwar shekara, shi da matarsa. Ya ajiye motar a kan daben, ya fito yana buga ƙafa don sanyi, ya zagaya ta sau ɗaya.

“Mama, kin ga yadda wurin ya yi tsaf? Babu ganye, babu shara.”

“Na gani.”

Ta kai musu abinci shi da matarsa a ɗaki, ta ce ita ta riga ta ci. Ta koma madafi ta ja ƙofa, ta zauna kusa da murhu. Kwana biyu suka yi suka tafi, ba su sake dawowa ba sai da aka girbe alkama.