Lomar Iya Mal-sun

Tun da aka binne mijinta, Iya Mal-sun ba ta ƙara ambatar sunan Pyo ba. Mu da muke ɓarar kawa, wato wani irin dodon koɗi na teku, tare da ita a rumfar bakin teku mun san shirun nan ba na haƙuri ba ne.

Pyo shi ne jami'in lafiya na gundumarmu. Aikinsa ya ɗebi ruwan teku ya auna, in da ƙazanta ya hana cirar kawa. Kowa a garin nan ya san masaukin baƙin da ke kan tudu yana sako ruwan bayan gidansa cikin lungun teku na gabas inda muke ciro kawa, kowa kuma ya san mai masaukin surukin Pyo ne. Shi ya sa in ya zo awo sai ya sa a tuƙa shi a kwale-kwale can tsakiyar teku, inda ruwa yake garau, ya cika 'yar kwalbarsa ya tafi yana fito. Ni kam ko farin takalminsa na roba na hango sai raina ya ɓaci.

Mijin Iya, Tsoho Gil-man, ɗanyar kawar lungun gabas ya ci. Amai da gudawa suka kama shi, bai tashi ba. Pyo ya zo ta'aziyya, ya ci ya sha, sannan a gaban jama'a ya ce, "Iya, sai haƙuri. Ruwanmu lafiya lau yake. Tsufa ne kawai, ga kuma Baba da son kwalba."

Mutumin da ya bar giya tun Pyo yana goye! Amma kowa ya yi gum, don in aka rufe lungun, rabin garin ya rasa abin yi.

Ranar bikin buɗe cirar kawa aka jera tebura a matsayar jiragen ruwa. Shugaban gunduma ya zo, Pyo ma ya zo riƙe da hannun mahaifiyarsa, wata 'yar tsohuwa mai fara'a. Yana son a ce ga ɗa nagari, yana ta gyara mata mayafi yana waige ko ana kallonsa.

Sai ga Iya Mal-sun da kwano a hannu, wandonta duk laka. Ta dire shi a gaban Pyo.

"Ɗana, na lungun gabas ne," ta faɗa yadda kowa zai ji. "Yanzu na ciro, daidai gindin tudu. Na ce wanda ya auna mana ruwa shi ya kamata ya fara."

Ta ɗauki ganyen kabeji, ta ɗora kawa mai ƙiba, ta sa tafarnuwa da jan yaji, ta naɗe, ta miƙo bakinsa. A garinmu in babba ta naɗe maka loma da hannunta, buɗe baki kawai za ka yi, ko kai wane ne.

"Iya, ai na ƙoshi," in ji Pyo.

"Kai, ji ɗan nan! Tumbi kamar tulu, loma ɗaya ce za ta gagare ka? Ko hannuna ne da datti?"

Mutane suka yi dariya, har da Shugaba. Pyo ya dubi hagu ya dubi dama, ya buɗe baki. Na ga maƙogwaronsa ya yi sama ya yi ƙasa, zufa ta tsattsafo masa duk da sanyin da ake yi.

"Da daɗi?"

"Da daɗi, Iya."

Na ɗauka shi ke nan, har na ji haushi, don ƙato irin wannan ko kawar ta kama shi bai wuce ya yi zaryar bayan gida ya miƙe ba. Ashe Iya ba ta gama ba. Ta naɗe ta biyu a natse, ta juya wajen mahaifiyarsa.

"Yaya, ke ma ba za ki tafi ba ki ɗanɗana ba. Ɗanki ne ya tabbatar mana ruwan nan ba komai."

Tsohuwar ta yi murmushi, ta buɗe baki.

"Mama, kar ki ci!"

Pyo ya zabura ya buge hannun Iya. Lomar ta faɗi a kan tebur, ta warware a gaban Shugaba.

"Me ya faru?" mahaifiyarsa ta tambaye shi. "Me ke cikinta?"

Iya Mal-sun ta shafa hannunta inda ya buge, ta dube shi sama da ƙasa.

"Ashe ka san abin da take yi wa tsofaffi," ta ce.

Kafin sanyi ya wuce an rufe lungun gabas, an toshe bututun masaukin, an sallami Pyo. Ni dai na ji sanyi a raina, ba zan ɓoye ba. Wasu matan rumfar kuwa da aikinsu ya tsaya, har yau ba sa gaishe ta, ita ma ba ta damu ba.

Wata rana muna ɓara mu biyu na kasa daurewa, na ce, "Iya, da bai buge hannunki ba fa?"

Ba ta ko tsayar da wuƙarta ba.

"Da ta haɗiye," ta ce. "Ni ma ai da hannuna na naɗe wa Gil-man tasa."